Kasuwar Hannun Jari: Yaya Ake Raba Hayaniya da Alkibla?

Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan fili a wannan wata kukansu ɗaya ne: farashi ya hau jiya, ya sauka yau, mai jari ya rasa inda kasuwa ta dosa. Mun zaɓo wasu daga ciki, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na sayi hannun jarin wani kamfanin siminti. Kullum ina duba farashi a waya: Litinin ya ƙaru, Talata ya ragu, Laraba ya tsaya cik, kuma ban ji wani labari a kan kamfanin ba. Me ke motsa shi haka? Ta yaya zan san ko riba na dosa ko asara?
Malamin makaranta, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Lambar da kake gani a waya farashin cinikin ƙarshe ce da aka ƙulla tsakanin mai saye da mai sayarwa, mutane kuwa suna sayarwa saboda dalilan da ba ruwansu da siminti. Wannan zai biya kuɗin makarantar 'ya'ya, wancan yana haɗa kuɗin kujerar Makka, wani kamfanin fansho yana rage abin da ya riƙe don ya koma takardun lamunin gwamnati da kuɗin ruwansu ya tashi, wani mai jari daga Landan ya ga dala ta samu yana son ya kwashe nasa ya fita. In suka haɗu a rana guda farashi sai ya yi ƙasa, alhali masana'anta tana ta ɗura siminti a buhu kamar jiya.

Akwai ma motsin da tsarin cinikin kansa ke haifarwa. Ko da yaushe farashi biyu ne a kan allo: tayin masu saye da kuɗin da masu sayarwa suka sa. A ce ana tayawa naira 49.50, masu sayarwa sun tsaya a naira 50. Idan cinikin ƙarshe na Litinin wani ne ya matsu ya saya, za a tashi a 50. Idan na Talata wani ne ya matsu ya sayar, za a tashi a 49.50. Wayarka za ta nuna ja, an faɗi da kashi 1 cikin 100, alhali ba wanda ya gusa daga inda ya tsaya ko da kwabo.

Wanda ya san Dawanau ya san wannan. Kuɗin buhun masara na safe daban, na la'asar daban, gwargwadon motocin da suka sauke kaya da 'yan sarin da suka shigo. Amma gogaggen ɗan kasuwar hatsi ba ya karanta shekara daga cinikin rana ɗaya, yana duban yadda damina ta yi, da kuɗin taki, da abin da ya rage a rumbuna.

Ga lissafin, don shi ne gundarin maganar. Mu ɗauki misalin hannun jari mai kyau wanda ake sa ran zai ba da kashi 15 cikin 100 a shekara, yana kuma kai-kawo na kimanin kashi 20 sama ko ƙasa. Ranakun ciniki a shekara kusan 250 ne. Raba 15 gida 250, rabon kowace rana bai wuce kashi 0.06 ba. Kai-kawon rana guda kuwa yana kai wa kashi 1.3, wato ya ninka ribar ranar fiye da sau 20. Da wannan lissafi, mai duba farashi kullum zai ga kore a kwana 52 cikin 100, ja a kwana 48. Mai dubawa wata-wata zai ga kore a kusan kashi 59 na lokutan. Mai dubawa shekara-shekara, kashi 77. Mai haƙurin shekara biyar, wajen kashi 95. Kamfani ɗaya ne, ribar ɗaya ce, tazarar dubawa ce kawai ta bambanta.

Dalili kuwa, riba tana taruwa kai tsaye: ta kwana 100 ta ninka ta kwana ɗaya sau 100. Hayaniya, wato kai-kawon farashi na yau da gobe, cin junanta take yi, hawan yau ya share faɗuwar jiya, saboda haka a kwana 100 sau 10 kacal take ninkuwa, a kwana 400 sau 20. Wani masanin lissafi Bafaranshe, Louis Bachelier, ya zayyana wannan tun 1900 daga nazarin kasuwar Paris. Tarihin kasuwar Amurka ma ya yi kusa da haka: ma'aunin S&P 500, mai auna farashin manyan kamfanonin ƙasar, yana tashi a kwana 53 zuwa 54 cikin 100 ne kawai, amma a shekaru yana tashi kusan uku cikin huɗu.

To me za ka duba? Rahoton kamfanin. Dokar kasuwar hannun jarin Najeriya, NGX, ta wajabta wa kamfanoni fitar da rahoton kowane wata uku cikin kwana 30 da ƙarewar zangon, na shekara da masu binciken kuɗi suka tantance cikin kwana 90. Ka nemi jimillar ciniki, riba bayan haraji, ribar da ta faɗo kan kowane hannun jari, da bashin da ake bin kamfanin, musamman na dala. Ka gwada zangon bana da takwaransa na bara, kada ka gwada shi da wanda ya gabace shi, domin cinikin siminti yakan ja baya da damina kowace shekara. Farashi kuma ka riƙa rubuta shi sau ɗaya a wata, ranar Juma'ar ƙarshe, a littafi. Wata uku bai isa ya gaya maka komai ba tukuna.

Tambaya: Na ga masu sharhi suna zana layuka biyu a kan jadawalin farashi, wai na kwana 50 da na kwana 200, suna cewa da su ake gane alkibla. Yaya ake yin su, kuma za a iya dogara da su?
Ɗalibin jami'a, Kano

Amsa: Ɗan'uwa, lissafin ba wuya. Ɗauki farashin da aka tashi a kai a ranakun ciniki biyar na ƙarshe, a ce naira 40, 42, 39, 41, 43. Haɗa su, 205. Raba gida biyar, 41. Gobe in an tashi a 44, sai ka jefar da 40 ta farko ka saka 44: jimilla 209, matsakaici 41.80. Haka za ka yi ta yi, kana ɗiga kowace amsa a jadawali har ta zama layi. Na kwana 50 da na 200 duk haka ake yi, yawan kwanakin ne ya bambanta, kuma yawancin manhajojin dillalai suna zana su da kansu. Ka lura kwanakin ciniki ake ƙirgawa, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, don haka kwana 200 ya kusa wata goma.

Amfanin layin shi ne yana danne hayaniya. Hawan kashi 5 na rana guda ba zai motsa layin kwana 200 ba sai da abin da bai taka kara ya karya ba. Idan farashi yana saman layin, layin kuma yana hawa wata da watanni, za ka iya cewa alkiblar da aka biyo ta hawa ce.

Ga inda ake cin tuntuɓe. Layin baya yake kallo, kuma makararsa ta kai kusan rabin tsawonsa. Na kwana 200 yana nuna maka tsakiyar abin da ya faru kimanin kwana 100 na ciniki da suka wuce, kusan wata biyar ke nan. Kafin ya lanƙwasa ƙasa, an riga an ci wani babban kaso na faɗuwar. Kafin ya miƙe, an riga an yi nisa da hawa. In ka gajarta shi zuwa kwana 10 don ya yi sauri, hayaniyar da ka kora ta dawo ciki. Ba tsawon da zai ba ka sauri da natsuwa a lokaci guda.

Matsala ta biyu ta fi cin kuɗi. Idan kasuwa ta yi wata shida tana zagaye wuri ɗaya, farashi zai yi ta tsallaka layin sama da ƙasa. Mai bin ƙa'idar "saya in ya haura, sayar in ya gangaro" zai yi ta saye da tsada yana sayarwa da araha. Kowane zagaye kuma da kuɗinsa: kamashon dillali da yakan kai kashi 1.35 a saye da kuma a sayarwa, kuɗin hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar, na NGX, na CSCS mai ajiye bayanan hannun jarin kowa, kuɗin hatimi da harajin VAT. In aka haɗa shiga da fita, abin yakan kusa kashi 4 cikin 100. Zagaye shida a shekara ya cinye fiye da kashi 20 na jarinka tun kafin a yi maganar riba ko asara. A Amurka, inda kuɗin ciniki bai kai namu ba, malaman jami'a biyu, Brad Barber da Terrance Odean, sun bi asusun gidaje fiye da 66,000 daga 1991 zuwa 1996. Waɗanda suka fi yawan saye da sayarwa sun samu kashi 11.4 a shekara, kasuwar kuwa ta ba da 17.9.

In za ka yi aiki da layin, rage masa surutu: duba farashin Juma'a kaɗai, kuma kada ka ɗauki tsallakawa da muhimmanci sai ta kai kashi 3 ta kuma tsaya mako biyu a jere. Mu a ganinmu layin ya fi amfani a matsayin ƙararrawar da za ta sa ka koma ka karanta rahoton kamfani, ba a matsayin mai ba da umarnin saye da sayarwa ba.

Tambaya: A labarai an ce kasuwa ta yi riba makon jiya, ma'auni ya tashi. Ni kuwa hannun jari biyar nake da su, huɗu sun faɗi. Ko dillalina ne yake yi mini wani abu?
Hajiya mai sayar da atamfa, Kaduna

Amsa: Hajiya, da wuya laifin dillali ne, kuma tabbatarwa ba ta da wahala: nemi bayanin asusunki kai tsaye daga CSCS da lambarki ta CHN, wato lambar shaidarki ta mai jari a wurinsu, ki ga ko adadin hannun jarinki ya cika, ki gwada farashin da jadawalin da NGX ke fitarwa kowace rana.

Abin da ya fi yiwuwa shi ne yadda ake gina ma'aunin. Ma'aunin All-Share, wanda aka fara da maki 100 a Janairun 1984, yana ba kowane kamfani nauyi gwargwadon darajarsa a kasuwa. 'Yan manya kaɗan, irin su Dangote Cement, MTN Nigeria, Airtel Africa, BUA Foods da BUA Cement, su ne suka danne sikelin. A ce kamfani ɗaya yana da kashi 12 na nauyin ma'auni, ya tashi da kashi 10. Shi kaɗai ya ɗaga ma'aunin da kashi 1.2. Ko da sauran duka sun ragu da rabin kashi ɗaya, za a wayi gari a ce kasuwa ta yi riba da kusan kashi 0.8.

Saboda haka ki riƙa neman wasu lambobi biyu da rahoton kasuwa kan kawo a ƙasa, inda ba a cika karantawa ba: kamfanoni nawa suka tashi, nawa suka faɗi. Idan ma'auni yana hawa amma mako bayan mako masu faɗuwa sun fi yawa, hawan na 'yan tsiraru ne, bai game kasuwa ba. Ki kuma gwada kowane hannun jarinki da ma'aunin sashensa, domin NGX tana da na bankuna, na inshora, na kayan masarufi, na masana'antu da na mai. Idan bankinki ya faɗi tare da duk bankuna, maganar sashe ce. Idan shi kaɗai ya faɗi takwarorinsa suna tsaye, kuma abin ya ɗauki makonni, nan ne ya kamata ki fara bincike.

Tambaya: Na kwana hannun jarina yana naira 50, na tashi yana 46, ba a yi wani ciniki ba ma tukuna. Me ya faru?
Ma'aikacin asibiti, Gusau

Amsa: Duba sanarwar kamfanin, da alama rabon riba aka yi. Idan kamfani ya ware naira 4 ga kowane hannun jari, da zarar ranar rufe rajistar masu cin rabon ta wuce, kasuwa da kanta take zare naira 4 daga farashi, tunda kuɗin sun bar kamfani za su shiga aljihunka. Za a cire harajin kashi 10, ka karɓi naira 3.60 a kowane ɗaya, muddin ka cike takardar biyan riba ta banki da magatakardan kamfanin. Haka ma kyautar ƙarin hannun jari: in an ba da ɗaya a kan kowane huɗu, 1,000 ɗinka ya zama 1,250, farashi ya koma daga naira 50 zuwa 40, jimilla naira 50,000 ce kafin da bayan. Mai zana layin matsakaici ya tabbata jadawalinsa ya gyara irin wannan ragi, in ba haka ba zai ga faɗuwar kashi 8 ko 20 da ba ta faru ba.

Tambaya: Kuna ta cewa hayaniya ce, a yi haƙuri. Haka aka ce mana a 2008, muka yi haƙuri har jarinmu ya narke. Ku gaya mana gaskiya, yaushe ne faɗuwa take zama ta gaske?
Alhaji, ɗan fansho, Katsina

Amsa: Ranka ya daɗe, kana da hujja, kuma duk mai cewa kowace faɗuwa hayaniya ce bai yi wa masu jari adalci ba. Ma'aunin All-Share ya kai maki 66,371 a ranar 5 ga Maris 2008. Shekara guda bayan haka yana wajen 20,000, faɗuwar kusan kashi 70. Wanda ya faɗi kashi 70 yana buƙatar hawan fiye da kashi 230 kafin ya koma inda yake. Ma'aunin bai sake taka wancan mataki ba sai Agustan 2023, bayan shekara 15, kuma a lokacin dalar da take wajen naira 118 a 2008 ta haura naira 700.

Girman faɗuwa kaɗai ba ya raba gardama. Ranar 19 ga Oktoba 1987 ma'aunin Dow Jones na Amurka ya zube da kashi 22.6 a wuni guda, amma ya ƙare shekarar sama kaɗan da inda ya fara ta. Ranar 6 ga Mayu 2010 ya faɗi kusan maki 1,000, ya dawo da mafi yawansu kafin a tashi. A Afrilun 2013 masu kutse sun shiga shafin Twitter na kamfanin dillancin labarai na AP suka baza ƙaryar fashewa a fadar White House. Kasuwa ta nutse, ta dawo cikin mintuna. A 2020, lokacin korona, S&P 500 ya rasa kusan kashi 34 cikin mako biyar, zuwa Agusta ya wuce inda yake a da.

Abin da ya raba 2008 ta Najeriya da waɗannan shi ne akwai ruɓa a ƙasa. Bankuna sun ba da rance mai yawa don a sayi hannun jari, har da nasu na kansu, hannun jarin kuma shi ne jingina. Da farashi ya sauka, sai aka tilasta sayar da jinginar, sayarwar ta ƙara kayar da farashi, abin ya yi ta cin kansa. Masu jari na waje suka janye, gangar mai ta faɗo daga dala 147 a Yuli zuwa ƙasa da 40 a Disamba. A Agustan shekarar hukumomi sun ƙayyade cewa farashi ba zai sauka fiye da kashi 1 a rana ba. Abin da hakan ya haifar shi ne dogon layin masu sayarwa babu mai saye, aka cire ƙa'idar bayan kimanin wata biyu. A Agustan 2009 Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba musu naira biliyan 420, alamar cewa ciwon na cikin bankunan ne.

Don haka tambayar da za a yi ita ce: shin wani abu ya canza a kuɗin da kamfanin zai samu, ko a bashin da ke kansa, ko a kuɗin ruwan da ake gwada shi da shi? Ga misali na kusa. Da aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja a Yunin 2023, kamfanonin da ke da nauyin dala a wuyansu sun ji jiki, har MTN Nigeria ya rufe shekarar da asarar naira biliyan 137 bayan haraji, bankunan da ke riƙe da dala kuwa suka ci riba. Wannan canji ne da za ka iya bi a rahoto zango bayan zango. Haka umarnin Babban Banki na Maris 2024 cewa manyan bankuna su kai jarinsu naira biliyan 500: sabbin hannayen jari suka fito, kason mai jari kuma ya tsinke in bai sayi rabonsa ba. Sai ka ƙara da alamun kasuwa: faɗuwar ta game sassa da yawa? Ta wuce wata biyu ko uku? Yawan ciniki yana ƙaruwa a ranakun faɗuwa, yana raguwa a ranakun farfaɗowa? In amsoshin duka e ne, kada kowa ya ce maka hayaniya ce.

Ba mai iya ganewa daidai tun ranar farko, shi ya sa kariya take zuwa kafin faɗuwa. Kada a sayi hannun jari da rance. Kada a saka kuɗin da za a buƙata cikin shekara uku, ga ɗan fansho ma wannan ya fi kowa shafa. Kada banki biyar su zama su ne "rarraba jari", domin sashe ɗaya ne. Ranar da ka saya, rubuta abin da zai sa ka sayar, kuma ya zama game da kamfanin: riba ta ragu zango uku a jere, an daina rabon riba ba bayani, rahoto ya makara har kasuwa ta dakatar da cinikinsa.

Wani abu kuma, Alhaji: hawa ma yana ruɗi. A 2024 ma'auni ya tashi da kashi 37.65, har ya haura maki 100,000 tun Janairu. Hauhawar farashin kaya a Disambar shekarar kashi 34.8 ce. In ka cire wannan, abin da ya rage bai kai kashi 3 ba, ban da rabon riba.

Tambaya: Ina cikin wani zauren WhatsApp. Mai zauren ya faɗi hannun jarin da zai tashi sau biyar a jere, duka ya dace. Yanzu ya ce a biya kuɗin shiga zaure na musamman. In biya?
Matashi mai shagon waya, Bauchi

Amsa: Kada ka biya, ɗan'uwa. Dacewa biyar a jere, in abin rabi-da-rabi ne, tana faruwa sau ɗaya cikin 32. A cikin ɗaruruwan masu irin wannan zaure, dole a samu waɗanda suka dace, kuma su ne kaɗai za ka ji labarinsu. Akwai ma tsohuwar dabara: mutum ya tara lambar waya 640, ya gaya wa rabi zai tashi, rabi zai faɗi. Ya watsar da waɗanda ya yi wa kuskure, ya sake raba 320 gida biyu. Bayan zagaye biyar yana da mutum 20 da suka ga bai taɓa kuskure ba.

Ka gwada da hannunka: jefa tsabar kuɗi sama sau 250, adadin ranakun ciniki na shekara, kana rubuta gefen da ya faɗo. Fiye da sau takwas cikin goma, za ka samu wurin da gefe ɗaya ya fito sau bakwai a jere ko fiye. In ka zana shi a jadawali, za ka rantse ka ga alkibla.

A ƙananan hannayen jari kuma ba sai an jira sa'a ba. Wanda ke kwabo 50, ƙarin kwabo 5 ya kai shi iyakar kashi 10 da kasuwa ta yarda a rana. Ƙa'idar da aka sa a 2019 ta ce cinikin hannun jari 100,000 ne ke motsa farashi. A kwabo 50, naira 50,000 ke nan. Mai zaure zai iya saye tun kafin ya yi magana, ku 'yan zaure ku ɗaga farashin da kuɗinku, shi ya sauke muku kayansa. Ranar da za ku fita sai ku tarar allo cike da masu sayarwa, ba tayi ko ɗaya. Duba sunansa a rajistar SEC. Wanda ba ya ciki ba shi da izinin karɓar kuɗi don ba da shawarar zuba jari.

Tambaya: In dai motsin farashi na sa'a ne, me ya raba wannan da caca?
Malamin Islamiyya, Sakkwato

Amsa: Allah ya gafarta Malam, hukunci naku ne malamai, mu bayanin yadda abin yake za mu iya. Hannun jari mallakar wani yanki ne na kamfani mai ma'aikata da kaya da ciniki, ribarsa daga nan take fitowa, kuma ita ce ke jan farashi in an daɗe. Motsin yau da gobe ne ya yi kama da sa'a, kuma wanda ya saya da safe don ya sayar jibi a kan wannan motsi yake dogaro. Ga mai son kauce wa kamfanonin ruwa, giya da caca, kasuwar tana da ma'aunin NGX Lotus Islamic tun 2012, wanda ke tace kamfanoni bisa sana'arsu da yawan bashinsu mai ruwa.

Tambaya: Mu a Nijar ta kasuwar BRVM muke saye. Wani lokaci hannun jarina yakan yi kwanaki bai motsa ba, sai kwatsam ya yi tsalle. Bayaninku ya shafe mu?
Ɗan kasuwa, Maraɗi

Amsa: Ya shafe ku, Alhaji, da ɗan bambanci. BRVM, mai mazauni a Abijan, tana haɗa ƙasashe takwas masu amfani da sefa, iyakar motsinta a rana kuma kashi 7.5 ne. Inda ciniki ya yi ƙaranci, farashin da ya tsaya kwana huɗu ba natsuwa yake nunawa ba, tsohon farashi ne da ba a sabunta ba. Ranar da wani babba ya shigo, motsin kwana huɗun ya fito a dunƙule. Iyakar rana ma tana da nata ruɗin: labarin da ya isa ya ɗaga farashi da kashi 20 sai ya rarrabu kwana uku, mai kallo ya ɗauka hawa ne mai ɗorewa, ya shiga a rana ta uku lokacin da abin ya ƙare.

Abu biyu za su taimake ka. Na farko, kada ka ba dillalinka umarnin "saya ko nawa ne". Faɗa masa iyakar farashin da ka yarda, kuma kafin nan ka duba tazarar da ke tsakanin tayi da kuɗin masu sayarwa, in ta wuce kashi 2 ko 3 ka san kuɗin fitarka ke nan. Ka kuma gwada abin da kake son saye da cinikin da aka saba yi a rana: in naka ya kai rabinsa, kai ne za ka motsa farashin, sai ka raba shi kwanaki. Na biyu, ka riƙa saye da ƙayyadadden kuɗi kowane wata. A ce sefa 200,000: a farashin 4,000 ka samu 50, da ya sauka 3,200 ka samu 62, da ya hau 5,000 ka samu 40. Ka tara 152, kowane ɗaya ya faɗo maka wajen sefa 3,940, alhali matsakaicin farashin watannin ukun 4,067 ne, ban da kamasho. Wannan dabara hayaniya kaɗai take magani. In kamfanin ne yake lalacewa, ƙara saye ƙara asara ne, don haka kafin kowane sabon zubi ka buɗe rahotonsa na baya-bayan nan a shafin BRVM ka ga ko riba da rabon riba suna nan yadda ka bar su.